Kwanon Bakin Ƙofa

Ranar da labari ya zo cewa an sallamo ƙanenta Semisi daga asibiti, Melenaite ta dafa kifi da madarar kwakwa. A ƙasar Tonga mace ba ta shiga ɗakin kwanan ɗan'uwanta, don haka kullum a ƙofa take miƙa wa matarsa kwanon.

"Yaya, ya cinye tas! Har kumatu ya yi," in ji matar.

Sai da ya rasu Melenaite ta gan shi, ƙashi da fata.

A wajen makoki, mai yanka aladen matar ya yi dariya. "Ku dubi kitse! Ba dole ba, kifi da kwakwa kullum?"

Har yau Melenaite takan dafa kifin kowace safiya, ta kai kabarinsa da hannunta, ta zauna har ya huce.