Ranar da Na Sauke wa Baba Fasinja

Ni da boko a aji uku muka raba gari, amma a zancen mota bakina ya fi na malamin makaranta. Bakin nan ne ya ja min.

Wata la'asar a bakin titin Wudil, Baba ya samu fasinjan Kano a tsohuwar Fijo 404 ɗinsa, saura mutum ɗaya ya tashi. Sai ga Alhaji Sule, wani direba, ya tsaya gefenmu da sabuwar 504, babu kowa a ciki. Wani dattijo cikin fasinjanmu ya leƙo ya ce, "Kai ɗan direba, wacce ta fi?"

Na gyara tsayuwa. "Ai babu haɗi, baba! Waccan giyarta a ƙasa take, tamu a jikin sitiyari, sai an lallaɓa ta. Waccan ta fi ƙarfin inji, ko rami ta faɗa ba za ka ji ba. Tamu kuwa sai an tura, kuma kafin Kano ruwanta ya tafasa."

Aka yi dariya, ni ma ina ta washe baki. Sai na ga ana buɗe ƙofofi. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu suka koma motar Alhaji.

Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya ɗauki tsummansa yana goge gilashin da babu datti a jikinsa, ya ce, "Ka san mota, Habu. Ubanka ne ba ka sani ba."

Motocin nan biyu tuni sun zama ƙarafa. Ni kuwa har yau, da furfurata, in na ji warin fetur a jikin tsumma, bakin nan nawa mutuwa yake yi.