Burodin Kaka Yelwa

Malam Yakuba ya ɗaga kwalbar mai yadda kowa a ajin zai gani. Man ya yi baƙi ƙirin, da ɓurɓushin ƙonanniyar albasa kwance a ƙasa.

"Wannan kuke zubawa cikinku kullum," in ji shi.

Yaran suka yamutsa fuska don su faranta masa rai. Ana kaɗa ƙararrawar shan iska kuwa suka kwasa a guje sai ƙofar lakwal, wato makarantar, inda Kaka Yelwa ke tsaga burodi, ta cusa masa wake da taliya, ta yarfa irin man nan, ta barbaɗa yaji. Kafin ka ce me, ta sallami mutum goma. Malam ya tsaya a taga yana kallo, takaici kamar ya kashe shi.

Shekarar fari ce. Gero ya yi tsada, gidaje da yawa a unguwar Harobanda ta birnin Yamai sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, mutanen ƙauye kuma sai kwararowa Yamai suke yi da 'yan ƙullin kayansu. Cikinsu tsohuwar ta zo. Ta samu mazauni wurin matan garinsu, ta ari kasko, ta kafa teburi a gindin bishiyar bedi.

Sai Direkta Haruna ya tara malamai ya faɗa musu abin da ya jiyo: sojoji za su share masu talla daga ƙofofin makarantu, duk baƙon da ba shi da kowa a birni kuma mota za ta mayar da shi inda ya fito. Ya ce a koya wa yara illar abincin bakin hanya. Malamai suka yi ta kallon silin. Yakuba kaɗai ya ɗaga hannu, har da rawar jiki, don ya ƙudurta sai tsohuwar nan ta bar ƙofar kafin motar ta iso.

Ya aika wata mata 'yar garinsu ta lallashe ta ta bar tallar. Amsa ta dawo cewa hannunta bai mutu ba, ba za ta zauna jiran kwanon kowa ba. Saura hanya ɗaya ke nan, ya raba ta da masu saye.

Ya kuwa dage. Ya zana jirgin ruwa a allo, ya nuna yadda garin alkama ke tasowa daga wata duniya, ya kwana a tashar Kwatano, ya hau jirgin ƙasa, ya hau mota, ya zama burodin da ba ya riƙe ciki. Ya ba su labarin manyan biranen Turai, inda ake buga abinci kamar bulo, a cika shi da gishiri da maiƙo don harshe ya riƙa nema. Ya bayyana yadda ake yayyafa wa burodin jiya ruwa a ɗumama shi ya koma kamar sabo, da yadda ake tace man jiya da tsumma a sake ɗora shi. Bayanin ya fito dalla-dalla, har Direkta da ke wucewa ya tsaya ya jinjina kai.

Da ya yi musu jarrabawa, kusan duk suka ci. Wasu takardun ma da shatin mai a jikinsu.

Wata yarinya mai suna Aisa, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ɗaga hannu.

"Malam, fura da kake cewa mu sha a gida, a wane gidan take? Kaka ko ba ka da ko dala tana gutsura maka."

Malam ya juya ga allo. Ya ce a buɗe littafi.

Yara dai sun gama yanke hukunci cewa gaba ce tsakanin mutanen nan biyu. Tsohuwar tana gaida kowane malami da sunansa, har ta tambayi iyali, amma in Yakuba ya doso sai ta ja mayafi ta shiga gyara itacen murhu. Shi ma ya daina bi ta ƙofar, ya koma zagayawa ta inda katanga ta rushe. Abin da ke ba yaran dariya shi ne, da shi da abokiyar gabar tasa bakinsu ɗaya, Hausar Arewa ta wajen Dogonduci.

Motar ta zo da hantsi, ana tsakiyar darasi. Kafin Yakuba ya kai ƙofa an kife kaskon, wake ya watse cikin rairayi, yara sun yi cirko-cirko. Mai goro ya ambaci wansa da ke aiki a gidan waya, aka sake shi. Mai ƙosai ta kira sunan mijinta, aka ce ta tafi. Aka zo kan tsohuwar.

"Tsohuwa, kina da wani a garin nan?" in ji babban sojan.

"Ina da shi."

"Wane ne? Faɗi sunansa."

Ta sunkuyar da kai. Sojan ya sake tambaya, ya kuma sakewa da tsawa, ita dai sai murza bakin mayafinta take yi. Ya gaji, ya ce ƙarya take yi, a ɗora ta. Ta kama ƙarfen motar da kanta, ta ɗaga ƙafa.

Yakuba ya ratsa ɗalibansa, alli na hannunsa har yanzu, cike da haushi da kunya.

"Ranka ya daɗe, sauke ta. Ko za ku kai ta bangon duniya ba za ta faɗa ba. A garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ni ne kuwa nata."