Ƙuri'ar Wendell Pruitt

Loretta Gaines tana zaune a bencin 'yan kallo na majalisar jiha lokacin da fitilar da ke gefen sunan Wendell Pruitt ta kama kore. Kore na nufin ya amince. Da ƙuri'arsa dokar halatta cacar wasanni ta waya ta wuce.

Shekara shida Wendell yana yaƙar wannan doka, kuma matan cocinsu ne suka bi gida-gida suka samo masa kujerar, Loretta a kan gaba. Tana da dalilinta. Ɗanta Darnell, makanike mai 'ya'ya biyu, kullum sai ya tsallaka gada zuwa jihar maƙwabta inda caca take halal, ya faka a gidan mai yana latsa waya, har matarsa ta kwashe yara ta bar shi. Nisan gadar nan kaɗai ke rage masa gudu. Yanzu ga shi an kawo masa cacar har cikin aljihu.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ba ta taɓa ganin mai kamun kai irin Wendell ba. Ranar Lahadi in maza sun yi dafifi wajen kallon ƙwallo bayan sujada, shi yana kicin yana taya mata wanke-wanke. Wayarsa tsohuwa ce mai maɓallai, ko hoto ba ta ɗauka. In suka ci abinci a waje, matarsa Odessa ce ke buɗe jaka ta biya, ana yi masa tsiya wai an mallake shi, yana dariya.

Loretta ta tare shi a kan matakalar majalisa.

"Nawa suka ba ka, Ɗan'uwa Wendell? Faɗa mini in san farashin ɗana."

"Baɗi za su samu ƙuri'unsu ko babu ni, 'Yar'uwa Loretta. Bana kawai suke buƙatata, shi ya sa na gindaya sharaɗi."

"Ka jiƙa sharaɗin ka sha!"

Sharaɗin shi ne rajistar hana kai. Duk wanda ya je da ƙafarsa ya sa hannu, babu kamfanin da zai sake karɓar cacarsa a jihar. Kamfanonin sun so mutum ya iya janye sunansa bayan shekara guda. Wendell ya kafe a kan har abada. Da abokan aikinsa suka ce tsaurin ya yi yawa, sai ya ce mai dawowa neman janyewa ba shi ne mutumin da ya sa hannu ba.

Coci ya juya masa baya. Aka tumɓuke allunan sunansa daga ƙofar gidaje, Loretta ta daina amsa gaisuwar Odessa. Amma tsoronta ya fi fushinta yawa, domin tallar caca ta cika gari, kuma saura mako uku a fara kakar ƙwallo. Ta yi kuka, ta yi magiya, har Darnell ya yarda zai sa hannu.

Ranar da aka buɗe rajistar, tun kafin ƙarfe takwas na safe suna ofishin. Darnell yana ta gumi. Ta riƙe hannun rigarsa gam, kada ya sulale.

"Mama, an fa ce har abada ne."

"Na ji. Zauna."

Ma'aikaciyar ta miƙo musu lamba ta biyu. A kujerar jira Odessa ce zaune, jaka a cinya, idanunta jawur. Loretta ta kau da kai, ta ce a ranta 'yan siyasa ba kunya, har nan ma sun zo ɗaukar hoto.

Ƙofar ɗakin rajista ta buɗe. Wendell ya fito shi kaɗai yana ninke wata takarda. Ya miƙa wa Odessa ta jefa a jaka, sannan ya dafa kafaɗar Darnell.

"Shiga, ɗana, minti biyar ne. Ni shekara goma sha ɗaya ina neman inda zan rubuta sunana."