Wayoyin Fulogi Biyu

Ina shekara goma sha ɗaya Baba ya tafi da ni garejinsu a Madinar Masana'antu, unguwar masu gyaran mota. A can wata tsohuwar motar tsere take, gabanta a ɗage kamar raƙumi zai miƙe. Wata shida yana fama da ita, kuma kafilinsa, wato ubangidansa, ya ce in ba ta tashi ran nan ba, halas, shi ke nan, a sayar wa masu tsohon ƙarfe.

Har la'asar tari kawai take yi, warin fetur ya cika wurin. Da safe, kafin a cire wayoyin fulogi, na zana su a littafina, kowace da lambarta. Yanzu da aka mayar da su, na ga an musanya biyu. Sau uku na buɗe baki na kasa. Sai na ajiye littafin kan injin, na ɗora yatsa kan wayoyi biyun a zanen.

"Yalla ya ustaz, matsa," in ji Ammi Usman, abokin aikin Baba.

"Bar shi," Baba ya ce. "Wannan ba ya nuna abu sai ya duba sau biyu."

Ya mayar da wayoyin daidai da zanen. Motar ta tashi, ƙararta ta girgiza kwanon rufi.

Yau ina jami'a. Muryata tana rawa gaban malamai har yanzu, amma yatsana ba ya rawa.