Sunan Da Ya Ƙi Fita

Sunaye biyu suka rage, Hafsa da Sauda, kuma maijego ta riga ta san wanda mijinta yake so. Ta kuma san in'inarsa. Hafsa yakan fito sumul daga bakinsa, amma Sauda sai ya maƙale masa a haƙora har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Mu bar shi a Hafsa kawai," ta ce tana ninke kayan jaririyar. "Ni ya fi mini daɗi a kunne."

"Jiya fa kika ce S-s-s..." Ya runtse ido, ya haɗiye sauran.

"Jiya daban, yau daban. Ka taɓa ganin maijego mai magana ɗaya?"

Ya yi murmushi, bai yi musu ba. Ita dai ba za ta jure ba, wata rana ta gan shi a ƙofar makaranta yana kokawa da sunan 'yarsa, yara suna ƙunshe dariya.

Ta miƙa masa jaririyar, ta fita ɗebo ruwan zafi. Tana dawowa sai ta jiyo murya a ɗakin, ƙasa-ƙasa, tana gudana ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Sauda, kin ji mamanki ko? Wai tausayina take ji. Rabu da ita, Sauda, ni da ke mun gama magana."

Tunda ta aure shi ba ta taɓa jin wannan muryar ba. Ta tsaya a bayan labule, tukunyar tana ƙona mata yatsu, ta ƙi motsi don kada ya yi shiru.