Akushin Fanta

"Wannan bai isa ba, kawo wanda ya fi shi," in ji Kyari, ya ture madubin ƙara girma na uku.

Kellu tana tsaye bayan mijinta a kasuwar Damagaram, zuciyarta na tafasa. Shekara biyu ba ruwan sama, ya sayar da akuyarsu ta ƙarshe, ga shi yana zaɓen madubi da fitilar ƙwai. Da ƙwayar gero ɗaya yake gwada kowane madubi. Wa zai sayi 'yan raƙuman icen da yake sassaƙawa, mutane na tonon gidan tururuwa neman hatsi?

"Malam, ka yi wa Allah," ta ce. Ko waiwayowa bai yi ba.

Kwana uku yana kulle a ɗakin sassaƙa. A na huɗu ya karɓi ɗan tuwon 'yarsu Fanta, mai shekara huɗu, ya ja ta ciki ya rufe ƙofa. Shiru. Yarinyar da kullum take kukan yunwa, yau ko tari.

Kellu ta banke ƙofar.

Fitila na ci. Fanta ta kafa ido a madubin. A ƙarƙashinsa ɗan akushi ne da bai fi ƙwan zabo ba, tuwo ya yi tozo.

"Inna, dubi! Yau Baba ya cika mini akushi!"

Kellu ta yi dariya, hawaye na zuba. Sai idonta ya kai kan tebur. Wasu akusa shida ne a jere, kowanne bai kai na gabansa ba. Na ƙarshen, ƙwayar gero ɗaya za ta cika shi.