Zaren Kumatu

Tun da aka kafa dokar cewa na'urar rubutu ba ta karɓar kalma sai daga fuska mai murmushi, marubuta suka zama 'yan gida a rumfar Baba Ilu wanzami, mai ɗage musu kumatu da zare don murmushi ya zauna.

Nafi'u ya iso da hantsi. Littafinsa ya tsaya cak a babin da uwar da ke cikin labarin za ta mutu, ga shi tasa mahaifiyar ko zaman makokinta ba a tashi ba.

"Baba, zaren ya saki. Da na tuna Inna sai na'urar ta ɗauke."

Tsohon ya taɓa kumatunsa, ya girgiza kai. "Ɗana, naman ya gaji. In na ƙara ja, ba zai sake saukowa ba. Ka bar matar ta rayu mana."

"Ai ba ta rayu ba, Baba. Ja kawai."

Baba Ilu ya ja.

Da la'asar Nafi'u ya gama babin, hawaye na gangarowa cikin haƙoransa. Sannan ya fita wurin masu ta'aziyya. Kawunsa ya dube shi, ya naɗe tabarmarsa.

"Jama'a, ku tashi. Ashe gidan nan ba a yi rashi ba."